Ƙosan Yumɓu da Haƙorin Malam Balarabe

Duk Ƙafin Maiyaki an san Tani da abu biyu: ginin tukwane da yayen jikoki. Na biyun ta fi taƙama da shi. Ba a taɓa kawo mata yaro yaye ta mai da shi don ya ƙi cin abinci ba, kuma ko ba ka tambaya ba sai ta gaya maka.

To, a zamanin da ake kashe anini, 'yarta Kulsum ta cire Maijidda daga nono, aka kawo ta daga Tudun Wada. Yarinya ta ce ba ta san zance ba. Kunu ta kau da kai, fura ta tofar, tuwo kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ruwa kawai take kurɓa. Kumatun da ta zo da su suka fara zubewa. Tani ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, a banza. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta san yadda yaye yake kayar da yaro.

Mijinta Malam Balarabe ya ce, "Tani, girman kai rawanin tsiya. In ranar kasuwa ta zo ba ta ci ba, a mai da ita ga uwarta."

Tani ta yi tsaki.

Dama da ragowar yumɓu Tani kan yi wa 'yan matan unguwa kayan wasa. Ta mulmula dawo ta mirgina shi a farar ƙasa, ta lanƙwasa ƙuli-ƙuli, ta gina ƙosai ta gasa shi tare da tukwane, ta shafe shi da jar ƙasa da ɗan man gyaɗa har ya yi ƙyalli. Su kasa a tsakar gidanta suna talla, sakaina ce kuɗinsu. Nan ne kaɗai Maijidda take sakin fuska. Har ta mallaki ɗan kaskonta na ƙosan yumɓu, kowa ya wuce ta miƙa masa.

Dabara ta faɗo wa Tani. Ta soya ƙosan gaske 'yan mitsi-mitsi daidai da na wasan, ta zuba a kaskon. Sai dai manyan yara sun riga sun koya wa Maijidda ba a kai na wasa baki. Dole a sami wanda zai ci a gabanta.

"Malam, zo ka yi ciniki wurin amaryarka," in ji Tani. "Na hannun dama su ne na gaske."

Kafin tsoho ya saka takalmi ya iso, Maijidda ta girgiza kaskon, dama da hagu sun zama ɗaya. Shi kuwa haƙorin turmi guda ya rage masa a baki, da shi yake taunar goro, yana ji da shi kamar ɗan auta.

Ya tsuguna ya miƙa sakaina. "Amarya, a ba ni na anini, mai zafi."

Maijidda ta zaɓo ɗaya ta ɗora masa a tafi. Ya dubi Tani. Tani ta ƙura ido, wallahi ita da ta gina abin da hannunta ta kasa bambancewa. Amma ta ce ba ta gane aikinta ba? Ina! Ta gyaɗa kai da ƙarfi.

Malam ya yi bisimilla ya kai turmi. Ƙaras!

"Wayyo Allah! Tani kin kashe ni!" Ya miƙe ya dafe kunci yana tsalle da ƙafa ɗaya, hula ta yi nata wuri. Ya tofar, ga ƙosai lafiya lau, ga haƙori a gefensa.

Sai aka ji wata dariya da ba a taɓa ji ba a gidan. Maijidda ce, har da faɗuwa. Ta tashi, ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta dafe kunci ta ce, "Wayyo!" Allah ya taimaka ta dace da na gaske. Ta tauna, ta haɗiye. Tani ta yi wuf ta lallatsa na cikin kaskon ta tsince masu tauri. Yarinya ta yi ta ɗauka, kowace loma da wayyonta da tsallenta, har kasko ya koma fayau. Ta miƙa wa kakarta ta ce, "Ƙara."

Tani ta zauna daɓas a ƙasa, hawayen farin ciki suna zuba.

Malam ya tsinci haƙorinsa ya goge a riga, ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi jikarsa, baki duk maiƙo. Sannan ya ce, "Kunun nan da ta ƙi, yana nan? Kawo mini, ni yanzu shi ne abincina."

Aka kawo. Ya kai ludayi baki ke nan, Maijidda ta matso ta riƙe masa hannu, ta buɗe nata bakin.