Raƙumi a Gonar Dawa

Shekara talatin da ɗaya Malam Nahiya ya yi yana koyar da labarin ƙasa a aji ɗaya, mai taga uku da fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an tura ta da sandar allo. Yara ne suka laƙaba masa sunan, domin ko darasin lissafi aka ba shi ya riƙe, kafin a tashi sai ya kai su hamada. Ya haddace ƙasashe sama da hamsin da manyan biranensu, ya san inda kowane babban kogi yake zuba, ya san mutanen da ke bin shanu da waɗanda ke kwana a kwalekwale. Amma iyakar tafiyarsa a duniya garin surukansa ne, awa biyu a mota, can ɗin ma sai ya sha maganin amai.

Da lokacin ajiye aikinsa ya matso, ya so ya bar wa ajin abin tunawa: taswirar nahiyarsu a bangon baya, kewaye da namun dajinta. Ya ba ƙanen matarsa aikin, mai zanen allunan shaguna ne, rabin kawunan da aka zana a ƙofar masu aski a garin daga hannunsa suka fito. Malam ya rubuta masa jeri a takarda da rubutunsa mai kyau: giwa, zaki, dorina, jimina, raƙumin dawa, jakin dawa. Mai zane ya yi aikin a ƙarshen mako, ya rufe bangon da zanen gado.

Ranar Litinin ƙarfe sha ɗaya za a yi taron sallama, shugabar makaranta da iyayen yara za su zo a buɗe bango a gabansu. Ƙarfe bakwai da rabi Malam ya ce bari ya leƙa tukuna, mai zane na biye da shi.

Giwa ta yi kyau. Zakin ya ɗan yi kama da wanda ya fito daga shagon aski, amma zaki ne. Sai idonsa ya sauka gabas da taswirar. Raƙumi ne tsaye da tozonsa a tsakiyar gona, zangarniyar dawa ta yi ja har kafaɗarsa. Gefensa jaki ya sa kai yana cin amfanin mutane.

"Mene ne wannan?"

"Abin da ka rubuta, Yaya. Raƙumin dawa. Ka ga dawar nan? Ita ta fi cin fenti."

"Dawa na ce, daji! Ba ta gona ba!"

"Ka ce? Yaushe ka ce? Takarda ka ba ni, ita kuwa ba ta ja baki."

Malam ya karɓi takardar ya duba. A baki kowa ya san bambancin, ta daji gajera ce, ta gona sai an ja ta. A rubuce kuwa haruffa huɗu ne, babu wanda ya fi wani tsawo. Shi da ya shekara talatin da ɗaya yana gyara wa yara rubutu da jan biro.

"To kwatanta min shi in gyara," in ji mai zane. "Wuya dogo, na ji. Kunnuwa fa? Yana da ƙaho? Da ka gan shi, yaya yake tafiya?"

Raƙumin dawan da Malam ya sani yana shafi na arba'in cikin tsohon littafinsa, bai kai babban yatsa ba, kuma gara ta cinye ƙafafunsa na baya.

"Au! Ba ka taɓa ganinsa ba? Kai da Yayata ke cewa ka san nahiya kamar aljihunka?"

"Ciro wayarka, ka rage surutu."

Nan take dabbar ta bayyana a fuskar wayar, tana motsi. Ta zo bakin ruwa, ta ware ƙafafunta na gaba nesa da juna, sannan ta sauke dogon wuyan a hankali har ta kai baki. Malam ya sa aka maimaita masa sau uku. Ya koyar da tsawonta da abincinta da ƙasusuwan wuyanta bakwai, bai taɓa tambayar kansa yadda take shan ruwa ba.

Mai zane ya duba agogo. Fenti ba zai bushe kafin sha ɗaya ba. Ya ce su jawo kabad ɗin littattafai su tare wajen, babu wanda zai sani. Har sun kama kabad ɗin, Malam ya sake shi.

"Bar shi. Darasi ne, kuma ba ni da wani na yau."

Da aka yaye zanen gado, sai wata uwa a baya ta ce, "Jakin wa ya shiga gonar mutane?" Shugabar makaranta ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Malam ya jira dariya ta lafa, kamar yadda ya saba. Ya rubuta kalmar dawa a allo, ya sa yara suka faɗe ta gajera, suka faɗe ta doguwa. Ya gaya musu cewa mutanen da suka fara ganin dabbar nan ba su da suna gare ta, sai suka ara daga raƙumin da suka sani a gida.

"Ni ma haka na yi muku shekara talatin da ɗaya," ya ce. "Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ku in kun girma ku je ku gani, ku dawo ku gyara bangon nan. Amma yau da safe na koyi abu ɗaya, ku duba."

Ya ware ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai a hankali wajen bokitin ruwan goge allo. Yara suka miƙe tsaye suna tafi. Ya kai ƙasa lafiya. Tashin ne ya gagara.

"Zo ka ɗaga ni," ya ce da ƙanen matarsa, kansa na ƙasa.

"Tsaya haka, Yaya, kada ka motsa," in ji mai zane, yana laluben fensir. "Yanzu na samu abin kwaikwayo."