Sabon Famfon Laka

Ranar da aka cire tsohon famfon laka a matatar ruwan ƙazanta ta gari, Mai Kunne bai ci abincin rana ba. Shekara ashirin da biyu yana jinyar injin nan. Kullum da safe zai ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ya manna kunne a ƙotar, ya faɗa maka ko boris ne ya ci, ko tsumma ya shiga. Abokan aiki har tsokanarsa suke, wai matarsa ba ta taɓa samun irin wannan sauraro ba.

Sabon famfon kuwa da allonsa ya zo, yana faɗin lafiyarsa da kansa. Tuni magana ta zaga cewa za a mai da Mai Kunne bakin ƙofa, ya riƙa buɗe wa motoci. Abin ya ci masa rai ƙwarai, sai dai bai gaya wa kowa ba.

Ranar gwaji da hantsi, Injiniya, matar da ta jagoranci aikin, ta danna maɓalli. Allo ya nuna kore, aka yi tafi. Mai Kunne dai hannunsa ya riga shi, sukudireba ta hau jikin ƙarfe. Can ciki ya ji injin yana tauna wani abu kamar tsakuwa. Laka ba ta isarsa. Nan take ya gane dalili.

Shekarun baya, da tsohon famfon ya fara shaƙewa idan laka ta yi kauri, shi ne ya rufe bawul ɗin bututun shigar laka rabi, ya ɗaure da waya a bayan bango. Bai rubuta ba, bai faɗa ba, har shi kansa ya manta. In ya yi shiru, sabon injin zai ci kansa cikin 'yan makonni, a zagi kamfanin da ya kawo shi. In ya yi magana, ya miƙa musu hujjar kai shi ƙofa da hannunsa.

"Ranki ya daɗe, a kashe shi," ya ce. "Laifina ne."

Ya kai ta bayan bango, ya nuna mata wayar, duk ta yi tsatsa. Ta juyo ta dube shi.

"Baba, akwai irin wannan nawa a gidan nan?"

"Uku... ko huɗu."

"Gobe za ka zaga da ni, mu kwance su ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon da biro."

Aka buɗe bawul, aka sake kunnawa, injin ya ɗauka lafiya lau. Mai Kunne ya juya zai fita, sai ta tsayar da shi.

"Ina zuwa? Saurare shi yanzu da yake da lafiya. In ba haka ba, ranar da ya fara ciwo yaya za ka gane?"

Ya goge ƙotar da gefen rigarsa, ya sunkuya. Ya manna kunne.