Ranar Hutun Kayan Aiki

Ni ce mai karɓar baƙi a ma'aikatarmu ta ƙera jiragen ruwa da ke bakin teku a kudancin Kochi, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa barin baƙo ya tafi yana ƙorafi ba. Shi ya sa da aka ce mahalarta babban taron fasahar teku za su kawo mana ziyara, ko gezau ban yi ba.

Ba jirage za su zo gani ba, Kabewa za su gani. Haka ma'aikata suka laƙaba wa ƙaton tulun ƙarfen nan ruwan ɗorawa da Injiniya Velayudhan ya ƙera, wanda ke yawo a kan ruwa yana mai da motsin teku wutar lantarki. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa, ga shi ƙarshen wata zai yi ritaya. A cikin baƙin akwai waɗanda za su yanke ko a gwada Kabewa a tsibirai, ko a tura ta bayan sito ta yi tsatsa. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai sun gan ta tana aiki da idonsu.

Ziyarar ta faɗo ranar bikin kayan aiki, ranar da ake wanke kowace guduma da sufana, a shafa musu ƙullin itacen sandal mai ƙamshi, a rataya musu furanni a gaban hoton Saraswati, allahiyar ilimi da ma'aikatanmu ke bauta wa, kuma ba mai taɓa su sai washegari. Wannan bai dame mu ba, don Kabewa tana cikin ruwa tun makon da ya wuce, ba ta buƙatar hannun kowa. Ni Musulma ce, ba na cikin masu shafa sandal, amma ba a taɓa raba soyayyar shinkafa da mazarƙwaila ba tare da ni ba.

Da safe na shigo na tarar da Kabewa a tudu. Tana zaune a kan keken da ake tura ta ruwa da shi, a saman gangaren da ke sauka cikin teku, an goge ta tana ƙyalli, an naɗe ta da furanni kamar amarya. Injin ɗaga kayan da ya fito da ita shi ma yana sanye da nasa furannin, mabuɗinsa kuma na ajiye a gaban Saraswati.

Thankappan, shugaban masu walda, ya taho yana washe baki. Ya ce jiya da yamma suka ga bai kamata a yi wa kowane ƙaramin ƙusa biki a bar 'yar lelen ma'aikata a cikin ruwan gishiri ba. Don ƙauna suka yi, wannan shi ne abin haushin.

Velayudhan bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan wani akwati, ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen zanensa, irin wanda mazan garinmu ke ɗaurawa. Tare da ubannin yaran nan ya fara aiki, ba zai iya ce musu su karya al'ada saboda shi ba. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Na ja Thankappan gefe. "Yaya, baƙin nan jirgin yamma za su bi. Gobe babu kowa."

"Ramlath, ko Firayim Minista ne zai zo, hannunmu ba zai taɓa ta ba yau. Hutu take yi."

"Hutu a tudu? Kai in aka ce ka huta, a kan rufin kwano kake kwanciya? A ruwa take hutawa. Kuma wa ya taɓa ganin ɗayanku yana juya ta? Teku ke juya ta, shi kuwa bai ajiye kayan aikinsa a gaban kowa ba."

Ya sosa ƙeya, ya je suka yi ƙus-ƙus da sauran. Ya dawo da sharaɗi: ba za a cire mata fure ko ɗaya ba, ba za a tayar da inji ba, su kuma ba za su sa hannu ba. Sai ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ni kaɗai zan tura ta da wannan jikin nawa kamar tsinken tsire. Na ce ya zuba ido.

Bas ta iso, baƙi suka sauko cikin kwat da takalma masu sheƙi. Na raba musu hular kwano da shayi, sannan na gaya musu gaskiya tiryan-tiryan. A garinmu abin kunya ne a sa baƙo aiki, na ga manajanmu yana neman inda zai ɓuya. Na ce da su duk ma'aikatar da suka zaga a makon nan kallo kawai suka yi ta bayan igiya, a nan kuwa da hannunsu za su saka na'ura a teku.

Sai wani dattijo mai rawani, tsohon hafsan sojan ruwa mai suna Dhillon, ya tuɓe kwat ya miƙa mini.

"'Yata, riƙe. Na gaji da zama ana nuna mini hotuna a bango."

Ya shiga ba da umarni kamar yana kan jirginsa. Ya sa masu ƙiba a igiyar baya don su riƙe nauyi, sauran suka dafa keke. Masu walda suka jeru a gefe, hannuwa a baya, bakinsu kuwa bai huta ba. Suna ta gaya wa wani farfesa cewa ba da ciki ake turawa ba, wani kuma ya tuna masa cewa yau ba ranar hutun ƙafafu ba ce. Wata injiniya ta cire takalmi ta shiga ruwa har gwiwa. Kabewa ta gangara a hankali, ta bar keken, ta fara rausaya da furanninta.

Saura a ga wuta. Ƙwan fitilar da ake gwada wutarta da shi yana cikin kayan da ke hutu, ni kuwa ban yi tunanin wannan ba. Ina tsaye da bakin wayar wutar da ta taho daga Kabewa a hannu, Thankappan ya matso, hannuwansa har yanzu a baya, ya nuna mini cikin rumfar da aka jera kayan aikin da haɓa. Ƙananan fitilun ado da aka zagaye kayan aikin da su, su ba kayan aiki ba ne, kuma tun safe wutar gari ta ɗauke.

Na kai wa Velayudhan wayar. Ya haɗa ta da fitilun adon.

Fitilun suka kama, suka dushe, suka sake kamawa, suna bin tashi da saukar ruwa, har hasken ya tsaya a kan guduma da sufana da mabuɗin injin. Baƙin suka cika rumfar da jiƙaƙƙun wanduna. Shugabar masu yanke hukuncin ta tambayi tsohon yaushe zai iya zuwa tsibirai.

Thankappan ne ya amsa a madadinsa.

"Ko gobe, ranki ya daɗe. Yau dai muna hutu."