Ledar da Aka Kwantar da Huseina

Aina'u na tankaɗen garin dawa wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani ta ɗauka. Muryar Gana ce, matar Mika'ilu, ƙanen maƙwabciyarta Huseina.

"Yaya Aina'u, sai haƙuri. Yaya Huseina lokaci ya yi, ɗazu da hantsi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ta bar wasiyya. Ta ce ke za ki yi mata wanka, kar kowa ya taɓa ta sai kin zo."

Aina'u ta ajiye wayar cikin garin ba ta sani ba. Idonta ya tafi kan katangar da ta raba gidanta da na Huseina, inda ta yi zane biyar da gawayi. Inuwar darbejiya ta kusa taɓa zane na uku.

Shekara talatin da ɗoriya suna maƙwabtaka. Mijin Huseina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya yi rai. Ɗan'uwa ɗaya ya rage mata, ƙanenta Mika'ilu, yana can wani ƙauye bayan Kunci. A farkon bazara ta hau tsani za ta ɗebo gero a rumbu, tsanin ya zame, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kai ta asibiti a birni, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Aina'u ce ta yi zaman jinya, kwana goma sha tara a kan tabarma, gindin gado.

A ɗakin matan akwai wata nas, dattijuwa mai faɗa, ana ce mata Sista Khadijat. Washegarin aikin ta tsaya a kan Aina'u ta ce, "Mama, kin yi makaranta?"

"Allo kawai."

"Ya isa. Kawo hannunki."

Ta kama hannun ta tura shi ƙarƙashin bayan Huseina, can ƙasa inda ƙashi ya fi kusa da fata.

"Kin ji nan? Likita ya gama nasa, karayar nan ba za ta kashe ta ba. Kwanciya ce abar tsoro. In mutum ya daɗe a ɓari ɗaya, jini ba ya kaiwa wurin, naman ya mutu. Ya fara da duhu, ya yi tauri, ya yi zafi, sai ya fashe ya zama rami har ƙashi. Daga nan ƙwayar cuta ta shiga jini. Duk awa biyu ki juya ta. Filo tsakanin gwiwoyi, kar ƙafar ta harɗe. Jiki a bushe, shimfiɗa a bushe. Kar ki yarda fatarta ta kwanta a kan leda. Ki ba ta ruwa, ki ba ta wake da ƙwai. Ki zaunar da ita ta ja dogon numfashi, ta yi tari. Za ta yi kuka, za ta zage ki. Ki juya ta."

Huseina kuwa ta zage ta.

"Azzaluma! Me na tsare miki a duniya?"

"Tukunyata da kika fasa shekara goma. Ɗaga hannun."

"Wannan tukunyar da ma a tsage take. Wayyo! Allah Ya haɗa ki da mai juya ki."

"Amin, in dai zai iya kamar ni."

Da aka sallame su, Aina'u ta dawo da ita gida, ɗakin Huseinar. Da dare ƙararrawar da Sista ta saita mata a waya ke tashin ta. Da rana kuwa wayar na wurin caji, shi ya sa ta bi inuwar darbejiya da gawayi. Duk zanen da inuwa ta taɓa, ko tuwo take tuƙawa sai ta sauke ta zagaya. Mako uku a haka. Bayan Huseina sumul, ko ƙurji babu. Har ta fara dafa ƙarfen dogarawa ta taka daga gado zuwa bakin ƙofa, tana haki tana cewa bana ita za ta riga kowa shuka gyaɗa.

Ran wata Laraba Mika'ilu ya zo dubiya, ya tarar ana juyin. Huseina na ihun da ta saba. Ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa ta canza.

"Yaya Aina'u, mene ne haka? Mutum da karaya kina mirgina shi kamar buhun taki?"

"Haka aka koya mini a asibiti."

"Asibiti? Ni na taɓa karyewa. Kwana arba'in mai ɗori ya sa ni kwance, ko motsi ban yi ba, ga ni ina tafiya. Ƙashi ba ya haɗuwa ana jijjiga shi, wannan ko yaro ya sani. Ga kuma maganar mutane. A kasuwar Tsanyawa har tare ni aka yi, wai ina raye bare ke kwashe kashin yayata."

"Bare?"

"Ba zagi ba ne. Kin yi ƙoƙari, Allah Ya biya. Jibi zan zo da mota."

Huseina ta ce, "Mika, bar ni nan. Ihun nan na wasa ne."

"Yaya, kunya kike ji ba za ki faɗa ba. Ni na ji da kunnena."

Ranar da za a tafi, Aina'u ta bi motar har bakin hanya tana nanata wa Gana: awa biyu, filo, banda leda. Gana na ta gyaɗa kai tana satar kallon mijinta.

Sau biyu Aina'u ta je dubiya. Zuwan farko ta tarar da Huseina a rigingine, an lulluɓe ta har wuya cikin zafin nan, ɗaki ya turnuƙe da turaren wuta. Mika'ilu na zaune a bakin gado. Huseina ta buɗe ido ta ce a hankali, "Azzalumata ta zo." Aina'u ta hango bakin wata shuɗiyar leda ya leƙo ta ƙarƙashin zani.

"Malam Mika'ilu, don girman Allah bar ni in ga bayanta."

"Tun da ta zo nan ba ta yi ihu ko sau ɗaya ba. Kar ki tayar mana da ciwo."

Zuwa na biyu ko zaure ba ta wuce ba, aka ce ana barci. Ta kai kuka wurin mai unguwa, ya ce ɗan'uwa ya fi ta iko. Ta dawo gida ta zauna. Wannan zaman shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba.

Yau ga ta a motar Kunci, kwana ashirin da shida da ɗauke Huseina. Ta taga tana ganin mutane na kai taki gona a amalanke, ana tsibi-tsibi, ana jiran ruwa. Ko ɗigon hawaye ba ta yi ba.

A tsakar gidan Mika'ilu wata tsohuwa, matar liman, ta miƙa mata ƙwaryar ruwan magarya ta riƙe hannunta.

"Kin san ƙa'ida ai. Abin da mai wanka ta gani amana ce. Ba a faɗa wa miji, ba a faɗa wa ɗa, har ki shiga naki kabarin."

"Na sani, Inna. Ba yau na fara ba."

Ta shiga, Gana na biye da ita da buta. Ta yaye zanin. Ta sa hannu kamar yadda aka koya mata, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ta ce, "Huseina, zan juya ki." Jikin bai taso ba. Ledar ta taso tare da shi.

Sai da suka jiƙa da ruwan ɗumi, a hankali a hankali, kafin suka raba su. Abin da ke ƙarƙashi ba za a faɗe shi a nan ba. Gana ta saki butar ta durƙusa ta toshe baki.

"Wallahi Yaya, shi ya ce kar a motsa ta. Ya ce in sa ledar saboda katifa. Da wari ya fara, ya ce ciwon ne ke fita. Kwana huɗu tana zazzaɓi tana kiran sunanki."

"Tashi ki zuba ruwa."

Ta yi mata wanka mai kyau, ta sa kafur, ta tufke mata gashi gida uku. Da aka naɗe ta a likkafani, Aina'u ta sunkuya daidai kunnenta ta ce, "Na ji saƙonki. Na gani."

Maza suka ɗauki makara suka tafi. Mata na ta koke-koke. Aina'u na zaune a ɗakin ita kaɗai, ƙirjinta kamar an zuba garwashi. So take ta fita ƙofar gida ta kwance bakinta, ta faɗa wa garin nan kaf abin da Mika'ilu ya yi, gaɓa-gaɓa, har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Amma in ta faɗa, asirin Huseina ta tona, kuma babu gidan da zai ƙara kiran ta wanka. In ta yi shiru, an binne maganar ke nan, gobe a ce Mika'ilu ya riƙe yayarsa har ƙarshe.

Sai idonta ya sauka kan ledar, an dunƙule ta a bayan ƙofa, ƙudaje sun rufe ta. Gana ta shigo za ta ɗauka.

"Bari in kai ta bayan gida in ƙone."

"Ajiye. Amanar gawa aka ba ni. Ba a ba ni amanar leda ba."

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka zazzauna a kan tabarmi a ƙofar gida. Wani dattijo na cewa, "Kai dai Mika'ilu ka fita hakkin zumunci. Ka ɗauko ta, ka yi jinya, ta cika a hannunka." Mika'ilu na share ido da hannun riga yana amsa gaisuwa.

Aina'u ta fito ta zaure da mayafinta, ledar a hannu. Ta ratsa takalma ta tsaya a gaban Mika'ilu. Ta kama baki biyu ta warware ta a kan tabarmar, ta baje kusurwoyin da kyau, yadda ake shimfiɗa wa baƙo.

Na kusa suka ja da baya. Wani ya rufe hanci da hula. Dattijon nan ya kalli ledar, ya kalli tsawonta, ya kalli inda tabon ya fi yawa, bai ƙarasa maganarsa ba.

Liman ya ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Ke kika yi wanka."

"Allah gafarta Malam, na ce wani abu? Kayansa na kawo masa. Katifarsa na ciki, ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Mika'ilu ya buɗe baki. "Yaya Aina'u, ni hutu na so ta samu. Wallahi hutu..."

"Kar ka ƙara ce mini Yaya. Yayarka ka kai ta yanzu. Ni bare ce."

"Ki yafe mini."

"Ba ni aka kwantar ba. In kun haɗu ka roƙe ta. Nawa kuwa, Allah Ya isa, kuma a gaban mutanen nan na faɗa don kar a ce maka wani ne."

Ta juya ta nufi bakin titi. Ba ta tsaya sadakar uku ba. Sai da mota ta wuce gonakin garin sannan kukan ya zo mata, har matar da ke kusa da ita ta riƙe ta.

An tambaye ta abin da ta gani, ba sau ɗaya ba. Mata a gidan suna, mata a bakin rijiya, har mijinta. Amsarta ɗaya ce: "Na yi mata wanka, Allah Ya jiƙanta." Labarin ledar kuwa ya riga ta isa gida. An ce Mika'ilu ya bar zama a dakalin ƙofar masallaci. Da kaka ya aiko mata da buhun gero, ta sa aka mayar a motar da ta kawo shi.

Da magada suka zo kwashe kayan ɗakin, abu ɗaya ta roƙa, filon da take sa wa Huseina tsakanin gwiwoyi. Ruwan damina ya wanke zanen gawayin, ta sake zana shi.

Filon na kan gadonta ta jikin bango. In inuwar darbejiya ta taɓa zane, Aina'u kan sauke abin da ke hannunta, ta shiga ɗaki, ta juya shi ɗaya ɓarin, ta shafa shi da tafin hannu ta ji ko a bushe yake. Sannan ta koma bakin murhu.