Shaidar Maman Olisa

"Naja, likita ya hana ni gishiri a miya, shi ne kika biyo min da shi ta kunu?"

Maman Olisa ta ture kofin, tana dariya tana tari. Naja'atu ta ɗauka ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Gishiri ne tsagwaronsa. Sukarin kuwa yana can gida a kan kantar kicin, bai ma san an dama kunu ba.

Da a ce bara ne, da sun yi dariyar tare har sai an jiyo su a bakin titi. Yau Naja'atu gefen gadon ta samu ta zauna, ta rufe fuska da mayafi.

Sunan tsohuwar na yanka Euphemia, amma duk layin nan na Tudun Wada babu mai wahalar da harshensa. Maman Olisa ake cewa, da sunan ɗanta. Nas ce da ta yi ritaya, ta tsufa a Zariya, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Naja'atu, kuma ita ta karɓi haihuwar Hanifa, 'yar autar Naja'atu. Yanzu ciwon zuciya ya kwantar da ita, ƙafafu sun kumbura, asibiti sun sallamo ta gida. Ta fi kowa sanin ma'anar wannan sallamar, shi ya sa ma ta daina shan abin da ba ta so.

"Ke, meye haka? Ni da zan tafi ina dariya, ke da za ki zauna kina kuka?"

"Mama, kaina ne." Muryar Naja'atu ta yi ƙasa. "Ina jin taɓuwa nake yi. Jiya wayata na tsinta cikin buhun shinkafa. Ina zaune ƙalau sai wuta ta taso min daga ƙirji zuwa ka, sai na sheƙa wa kaina ruwa. Shekaranjiya Malam ya tambaye ni ina hularsa, wallahi har sai da maƙwabta suka leƙo. Ga shi dangin yaron nan Mujahid sun fara bincike a kan Hanifa. In aka ce musu uwarta tana da taɓin hankali, shi ke nan na kashe wa 'yata aure."

Tsoron Naja'atu ba na banza ba ne. Masu binciken aure sukan yafe talauci, sukan yafe baƙin jini, har rowa sukan kau da kai. Amma da zarar an ambaci taɓin ƙwaƙwalwa a dangi, sai dai ka ji shiru, yaro ya daina zuwa zance.

Maman Olisa ta buɗe baki ke nan sai aka yi sallama daga zaure.

Wata mace ce mai jiki, cikin leshi mai tsada, tana tafe tana haki. Ta ce sunanta Hajiya Bahijja, daga Hanwa, gwaggon Mujahid ce. An ce mata in tana son gaskiyar kowane gida a layin nan ta nemi tsohuwar nas, don ita ba ta da dangi a nan balle ta rufa wa wani. Ta yi wa maras lafiyar sannu, ta dubi Naja'atu da ke zaune da man zafi a hannu, ta ɗauka mai jinya ce.

Naja'atu ta yunƙura za ta tashi. Maman Olisa ta ɗora mata kumburarriyar ƙafa a cinya.

"Ci gaba da matsa min. Hajiya, faɗi abin da ke tafe da ke, wannan ta gida ce."

"To, Mama, yarinya dai kowa ya yabe ta. Uwar ce muka ji wata magana. An ce tana zuba wa kanta ruwa da rana tsaka da kaya a jikinta. An ce tana faɗa babu dalili, ga mantuwa."

"Duk gaskiya ne," in ji Maman Olisa. "Wanda ya gaya miki ma ya rage. Yau gishiri ta zuba a kunu."

Naja'atu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara da shekaru ana cin tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti tare, ashe ranar da za a kwance mata zani a kasuwa tana nan tafe, kuma ƙafar mai kwancewar tana kan cinyarta. Wutar nan ta taso mata, gumi ya karyo, amma ba ta ɗaga kai ba.

Hajiya Bahijja ta girgiza kai cikin jimami, ta zaro wani kwalin gayyatar biki daga jaka ta shiga fifita da shi.

"Hajiya," in ji Maman Olisa, "ga fanka tana juyawa, ga garin da hadari. Me kike wa fifita?"

"Ai ni haka nake kwanan nan, zafi ne ke taso min."

"Daga ƙirji zuwa ka?"

Kwalin ya tsaya cak.

"Barci fa? Sai ki farka filo ya jiƙe? Yaushe rabonki da ganin al'ada? Kada ki ji kunyata, ni na ga abin da ya fi haka, kuma inda za ni ba a kai gulma."

Hajiya ta waiwaya ƙofa, ta rage murya. "An kusa shekara. Har tofi Alhaji ya sa aka yi min, wai ko iska ce."

"Iska!" Maman Olisa ta yi dariya har sai da Naja'atu ta tallabe ta. Da numfashinta ya dawo, ta miƙa hannu kan faranti ta ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya, ta ɗora a tsakanin girarta. "Ga iskar taku. Can ciki, ƙasan ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan abu bai fi wannan ba, mu a asibiti fituwitari muke ce masa. Tun kina budurwa shi ke aika saƙo wurin ma'ajiyar ƙwai, ita kuma ta aiko da wani sinadari, istirojin. Ƙwaƙwalwa ta saba da shi, da shi take daidaita zafin jiki, da barci, da haƙuri, har da tuna inda aka ajiye mukulli. In shekaru suka ja, sai ma'ajiyar ta rufe shago. Shi kuwa wannan ɗan ƙaramin bai yarda ba, sai ya yi ta buga ƙofa yana ƙara ƙarfi, gida duk ya rikice. Ba hauka ba ne, girma ne. Yana lafawa, in ya matsa kuma akwai likitan mata. Ni a nawa lokacin, a ɗakin haihuwa na tsaya ina neman tabarau yana kan hancina."

Ta jefa gyaɗar a baki, abin da shi ma an hana ta.

Hajiya Bahijja ta fashe da dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. "Wallahi ranar Juma'a da takalmi wari da wari na je gidan suna! To ita baiwar Allahn nan, ashe ciwonmu ɗaya. Ina ma zan gan ta."

"Ga ta nan tana matsa min ƙafa. Tun da na kwanta, kullum ita ce. 'Yarta kuma ita ke min wanki. Shaidata ke nan, ki kai musu."

Matan biyu suka dubi juna, kowacce gumi na bin wuyanta. Kunya ta kama Hajiya har ta rasa inda za ta sa kwalin, ƙarshe ta miƙa wa Naja'atu. Ta tafi tana ba da haƙuri, amma ba ta ce an fasa ba, ba ta ce ana so ba, don wannan maganar ta maza ce.

Maman Olisa ba ta jira amsar ba. Ran Talata da hantsi ta sa Olisa ya buɗe mata taga don ta ji masu tallan awara, ta yi masa faɗa a kan ya ƙi aure, ta ce bari ta ɗan runtsa. Runtsawar ke nan. Layin ya cika maƙil. Liman da kansa ya zo ya yi wa Olisa gaisuwa, mata suka yi ta lissafin 'ya'yan da suka faɗo a hannunta har lissafin ya ɓace. Da aka gama shiri, mota ta ɗauki akwatin zuwa garinsu can kudu, don su a gida suke binne nasu.

Washegarin tafiyar, Naja'atu tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Malam ya shigo da fara'arsa. Ya ce yanzu baffan Mujahid ya tare shi a masallaci. Sun gama bincike, sun gamsu, ranar Asabar za su kawo gaisuwa.

Naja'atu ta ajiye tiren, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta taka turmin da ke kife a gindin katanga, ta leƙa.

"Mama! Mama, sun ce..."

Ƙofar ɗakin da kwaɗo. A kan igiyar shanya akwai zani ɗaya, shuɗi, wanda Hanifa ta wanke aka manta ba a kwashe ba. An fara yayyafi. Naja'atu ta miƙa hannu ta janyo shi, ta tsaya a kan turmin tana ninkewa a hankali.