Faɗi Biyar, Tsawo Shida

Malam Sodangi, malamin gona a Kusada, ya bar duniya da hoto ɗaya tak, shi ma ba a takarda ba. Abokin aikinsa Niyi ne ya ɗauke shi da wata kwamfuta irin wadda ake jonawa da talabijin, tun zamanin da ake taruwa kallonta kamar an kawo kura kasuwa. Da Niyi zai koma kudu ya bar masa ita da faifanta, ta yi shekaru a ƙarƙashin gado, ɓeraye suna gadinta.

Bayan rasuwarsa, babban ɗansa Dauda ya kai faifan Kankia, shagon Kola mai gyara. Da ƙyar Kola ya ciro hoton, daga nan faifan ya mutu murus. Dauda ya sa aka wanke shi ƙato, aka rataye a ɗakin mahaifiyarsu Inna Kulu a Bauranya.

Ranar da ƙaninsa Badaru ya gani, sai ya ga ba fuskar da ya sani ba ce. Mutumin da ke jikin bango mai faɗin fuska ne, kumatu cike. Babansu kuwa siriri ne mai doguwar fuska, kuma Badaru ya fi kowa sani, don ita yake wankewa a kowace alwala. Dauda ne babba, shi ake gaisarwa, shi ake shawara da shi. Abin da Badaru ya mallaka shi kaɗai shi ne ya shiga kasuwa tsofaffi su ce, "Ga Sodangi ya dawo."

To, tsofaffin suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, hoto kuma yana nan. Yanzu baƙo in ya shigo sai ya dubi bango ya dubi Dauda ya ce kamar an tsaga kara, sannan ya juyo ya tambayi Badaru shi wa ya biyo. Dauda sai ya shafa kumatu yana murmushi. Abin yana ci wa Badaru rai, har ya rage zuwa gida.

Kola ne ya ba shi haske. "Malam, hoto ɗigo-ɗigo ne. Ɗigon na'urorin yanzu tsawonsa da faɗinsa daidai suke. Na tsofaffin nan ba lallai ba ne. In ba a auna ba, sai fuska ta baje."

Badaru ya ɗauko kwamfutar, Kola ya tono talabijin mai ƙusumbi daga ƙarshen shago, suka jona. Kola ya sa ta zana akwati, ɗigo ɗari a kwance, ɗari a tsaye. Akwatin ya fito dogo kamar ƙofa. Badaru ya ɗora tef ɗin awon ɗinkin matarsa a kan gilashin, amma gilashin mai tumbi ne, tef ɗin sai zamewa yake. Sai ya yi da zare, yana riƙe iyaka da farce. Ya sake, ya kuma sakewa, amsar ba ta canja ba: faɗi biyar, tsawo shida. Ashe duk shekarun nan an zauna da mahaifinsu a danne.

Kola ya miƙar da hoton daidai da awon. Kumatun suka shige, haɓa ta sauko, ga Malam Sodangi yana kallon ɗansa. Badaru ya fita waje don kada a ga hawayensa.

Ranar Juma'a ya hau babur da sabon hoton naɗe a zane. Bai damu da baƙi ba, bai ma damu da Dauda ba. Mutum ɗaya ya rage da ya san fuskar nan ta gaskiya, kuma shaidarta yake so.

Ya tarar da Inna Kulu tana ɓarar gyaɗa, Dauda na zaune a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya warware zanen ya ɗora mata a cinya.

"Inna, ga Baba yadda yake. Wancan na bango kuskure ne, na auna."

Ta kawo hoton kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. Ta dubi bango, inda fuskar da take yi wa addu'a safe da yamma take. Sannan ta dubi Badaru.

"Wanga ai kai ne."

"Shi ne, Inna. Kamar da muke yi ce ta..."

"Mi ubanku ya yi maka, Badaru? Yana kwance cikin kabarinshi ka je ka ja mashi fuska don ta koma taka? Hassadar yayanka har ta kai nan?"

Dauda ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Badaru ya laluba aljihu ya fito da zaren, ya rasa wanda zai nuna wa.

Inna Kulu ta miƙa masa hoton ba tare da ta sake kallonsa ba.

"Ɗauki hotonka ka tahi da shi. Ni na san mijina."