Kiɗan da Ban Kwashe Ba

"Maiwada, ɗaga mani kai in ga gilashin," in ji Idirisa.

Na cusa masa matashi na biyu a baya, na gyara masa odinatar, wato kwamfutarsa, a kan cinya. Ƙafafunsa sun kumbura har wandon da na ɗinka masa da sallah ya daina shiga. Ya danna, sai ɗakin ya cika da ƙil-ƙil-ƙil ɗin nan nasa, kamar ana buga cokali a kan kwalabe, ga wani kalangu can ƙasa yana biye.

"Nan mutum ya shiga kogo ba shi da hitila. Ka ji tsoron?"

"Na dai ji ciwon kai."

Ya yi dariya har ta koma tari.

Shekara goma sha ɗaya muna raba katanga a Sabon Gari, ni da keken ɗinkina, shi da wannan kiɗa. Aikinsa gyaran injin ban-ruwa ne a Jiratawa. Tun yana saurayi ya kamu da abin, a ɗakunan wasan gem. Sauran suna zuwa ne su ci wasa, shi kuwa sai ya bar ɗan mutumin cikin telbijin a tsaye, ya zauna yana sauraren kiɗan har mai ɗakin ya kore shi. Da ya samu tsohuwar odinata ya fara haɗa nasa, kiɗan wasannin da babu su, ba kuma wanda zai yi su. Akwai na kogo, akwai na gudun jaki a kasuwa, akwai na ranar da Gulbi ya cika. Guda arba'in da ɗaya ya haɗa. Bai taɓa tura wa kowa ba, kullum wai ba su nuna ba tukuna. Daga matarsa Salima sai ni muka ji su, ni ma ta kan katanga ne, ba da son raina ba.

Da tarin ya lafa, ya kama hannuna.

"Yaya Ya'u ya zo jiya daga Tsibiri. Ya ce in goge su tun ina da rai."

"Kai mi ka ce mai?"

"Mi za ni ce? Shi ya rene ni." Ya mai da numfashi. "Ka sawo kile, ɗan abin ga da ake kwashe aiki a ciki, ka kwashe su. Ba rediyo nike so a kai su ba. Su dai zamna wani wuri."

"Gobe in Allah ya so."

Kilen kam na saya, washegari ma. Na jefa shi a aljihu. Amma lokacin komawa lakwal ne, kayan 'yan makaranta sun cika mini shago, iyaye suna zuwa suna tsaya mini a ka. Ranar da na shiga da niyya, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, batirin odinatar kuwa ya mutu tun bara. Wata rana na same shi yana barci. Wata rana na ɗauko shi daga likita a bayan moto, muka iso kowa ya jigata, na ce a bari sai ya huta.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce na gaji. Na gaji da shiga ɗakin nan, da warin magani, da ganin mutumin da ke ɗaga inji shi kaɗai yana neman a miƙo masa kofi. Kuma zama a kwashe kiɗan tamkar in ce masa na yarda ya tafi ne. Shi ma bai sake tambayata ba. Ya kan dubi aljihuna kawai, ya yi zancen wani abu.

Ranar Talata bayan azahar na ji Salima ta yi salati da ƙarfi. Na ajiye almakashi. Kafin magariba mun kai shi mun dawo.

Ranar uku, da aka shafa addu'a mutane suka ragu, na matsa kusa da Ya'u a zaure. Dattijo ne manomin gero, ba mai yawan magana ba.

"Yaya, akwai wani aiki da marigayi ya bar mani a odinatarshi."

Ya daɗe yana dubana. Idanunsa sun yi ja.

"Daga maƙabarta na biyo na ɗauke ta na wuce da ita kasuwa, an wanke ta tas. Ban iya bari ƙanena ya kwana ko ɗaya a kabari da kayan kiɗa a bayanshi. Duk wanda ya saurara, marigayi za a rubuta ma zunubin." Muryarsa ta karye. "Abin da na iya yi mai ke nan, Maiwada. Magani ya gagare ni."

Na so in yi fushi, na rasa da wa. Shi cikin awa guda ya yi abin da yake ganin zai amfani ɗan'uwansa. Ni kwana goma sha tara aka ba ni. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, na tashi da kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Bayan mako guda, da la'asar, ina kafa maɓallai a tsakar gida, na tsinci kaina ina rera ɗaya daga cikinsu a hanci. Ban ma san wanne ne ba. Ya hau, ya sauko, sai na kai wani wuri na tsaya. Na koma farko, na sake tsayawa a nan. Sau uku.

Can bayan katanga, inda Salima ke wanke-wanke, ƙarar kwanuka ta tsaya. A hankali ta ɗauka daga inda na bari, ta ja shi ɗan gaba kaɗan. Sai ita ma ta tsaya.

Na jira, allura a hannu. Daga baya na ji ta zubar da ruwan a rariya.